Shafi Bakwai da Na Rubuta Bayan An Kashe Rikoda

A shekarar da aka ɗage dokar kulle ta korona, masallatai suka koma cika, ni dattijo ne mai shekara hamsin da 'yan kai, ina zaune a Tudun Wada ba tsayayyen aiki. Da can na yi aikin masaƙa har ta rufe, a nan na tsinci ɗan Turancina. Amma karatuna na asali na allo ne, kuma hannuna ya fi gudu da ajami a kan boko. Da wannan baiwa da Allah Ya yi mini na ci amanar wata baiwar Allah, shi ya sa nake rubuto muku.

Wani malamin jami'a daga kudu, wanda ba ya jin Hausa, ya ɗauke ni tafinta. Dakta muke ce masa. Yana bincike ne kan ginin tukwane na matan Gbagyi, waɗanda muka saba kira Gwari, masu ƙasar da muka zo muka tarar. Muka yi ta zuwa bayan Narayi wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane, wadda sababbin gidajen bulo suka sa gidanta a tsakiya. Tana jin Hausa sarai. Ta dangwala yatsa a takardar yarda, Dakta ya kunna rikoda, ni ina fassarawa. Mace ce mai tsokana. Kullum sai ta ce mu 'yan Tudun Wada mun iya shan ruwan randa mai sanyi, amma ba mu taɓa tambayar bayan wa ya yi ciwo ba.

Rannan Dakta ya tambaye ta abin da ake yi kafin a haƙi yumɓu. Sai ta ce a kashe na'urar. Ya kashe, ya fita amsa waya. Ita kuwa tunanin mahaifiyarta ya kwashe ta, ta shiga ba ni labarin yadda uwa ke kai 'yarta ramin yumɓu karon farko, da abin da ake faɗa a bakin ramin, da sunayen iyayen da ake ambata. Ta ce wannan daga uwa sai 'ya, ni ma bai kamata in ji ba, in bar shi a kunnena. Alhali littafina na kan cinya, alƙalami na gudu. Da ta ga ina rubutu daga dama zuwa hagu, sai ta yi murmushi ta tambaya ko addu'a Malam ke rubutawa, ta ce in sa da ita. Na gyaɗa kai. Shafi bakwai na cika bayan na gyaɗa mata kan nan.

A mota, don in nuna ƙwazo, na tsegunta wa Dakta cewa na samo abin da rikoda bai samu ba. Ya yi murna, ya ce in juya masa zuwa Turanci kafin Litinin. Na zauna bayan sallar Asuba in fara, hannuna ya ƙi. Haruffan da na koyi rubuta sunan Ubangiji da su, su na yi labule da su na yi sata. Ba ni tsohuwa ta yarda da shi ba, rubutun ta girmama.

Ran Litinin na gaya masa ba zan bayar ba. Ya ce ai ta sa hannu. Na ce yatsan da ta dangwala na abin da ta faɗa wa rikoda ne, kuma da bakinta ta ce a kashe. Ya ce in ta mutu ilimin ya tafi, mu ne za mu cece shi. Na ce ba ta roƙe mu ceto ba, tana da 'ya'ya mata uku. Ya ce shi ya ɗauke ni aiki, zai nemo wani mai ajami ya karanta masa. Na ce sai ya fara ciro littafin daga aljihuna tukuna, kuma ba zai ciro ba. A ranar ya sallame ni. A majalisarmu ta ƙofar gida abokai suka yi ta dariya, wai na zama lauyan Gwari, na zubar da abincina a kan al'adar da ba ta addininmu ba. Na ce musu amana ba ta tambayar addinin mai ita. Har yau ban janye wannan magana ba.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya komawa Narayi. Na tarar tana jera tukwane za ta gasa. Na durƙusa na ce mata Mama, na faɗi komai, ban rage ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya ko wani ya ji abin da ke ciki, na rantse babu. Ta ce in karanta mata. Ina cikin karantawa ta tsayar da ni a kan sunan kakarta da na rubuta ba daidai ba, ta ce ashe satar ma Malam bai iya ba. Sannan ta yage shafukan da hannunta, ta cusa su ƙarƙashin tukwanen tare da ciyawa, ta sa wuta, ta ce in zauna in gani.

Ina kira ga masu bincike, musamman irina da ake ɗauka tafinta saboda mun san harshe kuma an yarda da fuskarmu. Baƙo ba ya iya shiga ɗaki sai ɗan gari ya buɗe masa, don haka alhakin a wuyanmu ya fi nauyi. In mai magana ya ce a kashe na'ura, to alƙalami ma ya kwanta. Ba duk abin da kunne ya ji ba ne ya zama namu.

Da wutar ta lafa na miƙe zan tafi, sai ta ce in dakata, takarda dai ta ƙone, amma addu'ar da na gyaɗa mata kai a kanta har yanzu tana bina bashinta. Na koma na zauna a kan turmi, na ɗaga hannu, na roƙa mata lafiya da tsawon rai, da albarka ga 'ya'yanta uku. Ta shafa fuska ta ce amin, ta ce yanzu Malam na iya tafiya.