Zoben Kawu Bawa da Ƙayar Ƙurungu

Ba na jin zan manta da dogon hutun 2004, lokacin ina aji uku a ƙaramar sakandare, da Inna ta tura ni aiki rumfar kifin ƙanenta, Kawu Bawa, a Gummi. Abin da na fara gani da shigata shi ne hoton wani kifi a bango, mai zane ja da fari, ƙayoyinsa a baje kamar gezar zaki. Kifin teku ne, ana ce masa kifin zaki, kuma masu kiwonsa suna tsoron dafinsa.

“Ko wanga ya zo, da hannu nika ɗaukar shi,” in ji Kawu, yana nuna mini zoben azurfar da ke yatsarsa. Wani tsohon masunci ne ya ba shi, wai ƙayar kifi ba ta shiga mai sanye da shi.

Kifin rumfar ba na ci ba ne. Masunta suna kawo ƙanana da ransu daga gulbi, mu ajiye su a akwatunan gilashi, har wani ɗan kasuwa ya zo daga Legas ya kwasa don masu kiwon kifin ado. Kawu ne mai rumfa, Malam Sahabi ne mai kula da injin da ke hura iska cikin ruwa. Ni kuwa kowace safiya nakan rage kashi ɗaya cikin uku na ruwan kowane akwati, in zuba sabo, in ba su abinci. Cikin kifayen na fi son ƙurungu, saboda wasunsu a rigingine suke iyo, kuma in an fito da su sai su yi gurnani. Ƙayoyi uku gare su, ɗaya a baya, biyu a gefe, kuma da dafi a jikinsu.

Ranar wata Laraba da hantsi, Kawu ya zo sauya wa wani ƙurungu akwati. Ga ƙaramar koma, ragar kamun kifi, a rataye, amma ya tsoma hannu. Sai muka ji salati, ƙaya ta soke shi a yatsar da ke da zoben.

“Kawu, zoben ya tafi hutu ne?” in ji Malam Sahabi yana dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Zafi ya haura har hammata, gumi ya karyo wa Kawu, ya zauna a kan bokiti. Malam Sahabi ya ɗaure masa dantse da tsumma kamar wanda maciji ya sara, ya shiga neman reza. Maƙwabta suka cika rumfa, wannan ya ce manja, wancan ya ce toka.

Kowa ramin ƙayar yake kallo. Ni yatsar nake kallo. Ta fara kumbura, zoben yana nutsewa cikin nama, farcen kuma yana sauya launi. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, sau biyu ina buɗe baki ina rufewa. A na uku maganar ta fito.

“Kawu, zoben zai ci yatsarka.”

“Mi kika ce, ɗiyar ga? Ba don zoben ga ba, ai da yanzu na sheƙa!”

Na ruga ɗakin shan magani na unguwa, na kira jami'in lafiya, Malam Umaru. Yana zuwa ya kwance tsumman, ya karɓe rezar, ya kalli yatsar.

“Bawa, zaɓi ɗaya: zobe ko yatsa. In jini ya daina kaiwa, yanke ta za a yi.”

Kawu ya miƙa hannu yana kallon rufi. Malam Umaru ya zura zare ta ƙarƙashin zoben, ya nannaɗe yatsar, ya shafa sabulu, ya riƙa warwarewa a hankali har zoben ya faɗo. Daga nan ya aika aka karɓo butar mai shayi, ya sirka ruwan ya gwada da hannunsa, mai zafi amma ba mai ƙuna ba, sannan ya tsoma hannun Kawu a ciki. Ya ce dafin kifi ba ya jure zafi, haka ake yi ko da na hoton nan ne ya soki mutum. Kafin azahar Kawu ya daina nishi, har ya nemi fura. Aka duba ko ƙaya ta karye a ciki, aka wanke, aka yi masa allurar rigakafi.

Ranar na gane cewa a wannan sana'a ba ƙwarewa ke ƙaranci ba. Wanda ya daɗe da kifi shi ya fi raina ƙaya, kuma in abu ya faru, kowa ciwon yake kallo, ba abin da ke gefensa ba.

Washegari Kawu ya zo da yatsa a naɗe, zoben kuma a rataye a wuya.

“Rabi, kin fisshe ni. Faɗi abin da kika so.”

Na sunkuyar da kai, ina wasa da bakin hijabina.

“Kawu, don Allah daga yau ka bar mini kamun ƙurungu da koma. Kai ka riƙa riƙe mini bokiti.”