Jujin Baba da Shanun Baffa Juli

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Isufu, manomi a wani ƙauye na ƙasar Kwaya. Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya san shi, da juji ya san shi. Wasu magidanta rumbu suke nuna wa baƙo, shi kuwa sai ya zaga da mutum bayan gida ya nuna masa tarin shara, yana murmushi. Toka, ƙaiƙayi, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, tsummokara, duk can suke taruwa. Da rani mu loda a amalanken jaki mu kai gona. In na ɗago wani ruɓaɓɓen tsumma ina yatsina fuska, sai ya ce, "Zuba kawai. Ƙasa tana cin komai."

Ba juji kaɗai ke ciyar da gonar ba. Baba yana da amini makiyayi, Baffa Juli. Da an gama girbi yake sauke shanunsa a gonarmu, su ci kara, su bar mana taki. Baba ya aika masa da damin gero, matansa su kawo wa Inna nono. A haka na buɗe ido na gan su, kuma bayan rasuwar Baba shanun ba su fasa zuwa ba.

Yayana Laminu ne ya riƙe gonar, ni ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Magarya. Laminu mutum ne da in Baba ya ce a yi abu sau ɗaya, shi sau biyu zai yi. Jujin gida bai ishe shi ba, har sharar kasuwa yake kwasowa. Sai dai jujin yanzu ba irin na Baba ba ne. Baƙar leda ce, da ledar ruwan sha, da matattun pil, wato batiran tocila, da kwalaben maganin feshi. Shekara da shekaru ana zubawa, ƙasa ta ƙi ci. Ka kafa hauya, leda ta naɗe ta. Saiwar gero ta tarar da ita ta karkace. In an yi ruwa, wani wurin sai ya kwanta a sama ya ƙi shiga.

Bara wata saniyar Baffa Juli ta yi ta ramewa, ciki kuwa yana kumbura. Da aka ga ba za ta tashi ba aka yanka. Abin da aka ciro daga tumbinta dunƙulen leda ne, ya murɗe kamar igiyar guga. Bana aka gama girbi, kara na nan tsaye, shanu shiru. Na hau moto, wato babur, na sami Baffa Juli a ruga. Muka gaisa, ya tambayi Inna, na ce masa, "Baffa, gona tana jiranku."

Ya ce, "Ɗana, ni da mahaifinku ko musu ba mu taɓa yi ba. Amma dabba ba ta san leda ba, gishirin da ke jiki take bi. Ba zan kai su inda za su mutu ba."

Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, don gaskiya ce.

Muka fita gayya da mutanen gida muka yi ta tsintar leda, buhu bayan buhu. Nan muka gane tsintar ce mai sauƙi. Laminu ya cinna wa tari guda wuta, baƙin hayaki ya bi iska ya shiga gari, Inna ta wuni tana tari, maƙwabta suka fito suna faɗa. Wani ya ce a zuba a tabki. To tabkin nan shanu ke sha, kuma tuni masu feshi ke wanke kayansu a bakinsa, ruwan har wani kumfa yake. A haƙa rami a binne? Ƙasar da muka ciro ta ciki za mu mayar wa. Yanzu haka buhunan suna jibge a tsohon ɗakin Baba, ba mu san inda za mu kai su ba.

Ina yawan tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga wannan. Sai kwanan nan Inna ta tuna mini abin da na manta. Kafin a loda juji, Baba yakan tsuguna a kai ya tsince fasasshiyar kwalba da guntun ƙarfe da hannunsa, don kada su yanki kofaton shanun Juli. Mu maganarsa muka riƙe, tsugunnon bai zauna mana a rai ba. Laminu da ya ji haka sai ya raba sharar, yanzu juji biyu ne a bayan gida, ɗaya na gona, ɗaya na abin da ba ya ruɓewa. In akwai abin da ya rage na Baba a gidan nan, ina jin shi ne wannan.

Da muka aika cewa an share gona, Baffa Juli ya zo da kansa, a ƙafa, da ƙwaryar nono ta Inna. Shanun bai zo da su ba. Ya zaga gonar, ya yaba aikin. Can tsakiya ya tsaya ya tona ƙasa da sandarsa, bai yi nisa ba sai ga baƙar leda, lafiyarta lau. Ya ɗauka ya kakkaɓe, ya sa mini a hannu.

"Isufu yakan ce ƙasa tana cin komai," in ji shi. "Shi dai ta cinye shi, Allah ya jiƙansa. Wannan ta ƙi. Baɗi in muna raye zan dawo in sake tonawa."