Baba Tanko mai wankin hula, wanda ya nuna min ƙaro

Baba Tanko ya rasu. Yau da safe labarin ya same ni, kuma ba kirana aka yi ba.

Isuhu direba ne ya zo ɗaukar kaya zai kai Makoda. Yana ɗaure katan a saman mota ya ce, "Alhaji, jiya ban gan ka a jana'iza ba."

Na ce jana'izar wa?

Ya saki igiya ya dube ni. "Au, ba a faɗa maka ba? Baba Tanko na bakin tasha. Bayan azahar ya cika, da la'asar aka kai shi."

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma.

Tun da na zauna a kan bencin nan ban iya tashi ba. Lambata tana wurin 'ya'yansa. Tana jikin kowace roba ta man shafawar da nake yi. Daga gidansa zuwa nan ko rabin awa ba a yi a babur. Amma ba wanda ya ga ya dace a kira ni. Na kuma san dalili.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Tanko mai wankin hula ne a bakin tasha a Bichi, ƙarƙashin wata darbejiya. Abokin mahaifina Garba ne, ƙauyenmu ɗaya, gonakinmu iyaka ɗaya. Tun ina yaro nake ganinsa da bahonsa da burushinsa da kututturan icen da yake kifa huluna a kai su bushe.

Ku da kuke bin shafin nan kun san ni da man shafawa. Kun san ban wuce sakandare ba, kun san ba wanda ya ba ni jari, domin na sha faɗa. Gaskiya ne, kuma ba na jin kunyarsa. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba.

Da man kaɗanya zalla na fara, ina bin kasuwanni. Mata suka yi ta ce min ya yi nauyi, yana ɓata zane, su mai laushi suke so irin na kanti wanda fata ke shanyewa. Na tambaya aka ce ai wancan da ruwa a cikinsa. Sai na ce to ni ma zan zuba ruwa. Na narka man kaɗanya da na riɗi, na zuba ruwa, na kaɗa har kafaɗata ta yi tsami. Ya yi fari tas, na ɗura a robobi. Kwana biyu a zafin nan namu, mai ya koma sama, ruwa ya kwanta ƙasa. Na ƙona blendar matata a kan abin nan. Wata mata a kasuwa ta buɗe roba a gaban mutane ta tsiyaye ruwan a ƙasa, ta ce min, "Malam, in ruwa nake nema akwai rijiya a gidanmu."

Ranar na biya ta wurin Baba Tanko, ba don komai ba, don in zauna a inuwa.

Ya ce, "Hamisu, wannan fuskar ta wanda surukai suka kora ce. Me ya faru?"

Na miƙa masa roba. Ya girgiza ta, ya ajiye, ya zuba mata ido har man da ruwan suka sake rabuwa. Ya ce me na sa musu da zai riƙe su. Na ce ba komai, kaɗawa kawai nake yi.

Ya ce, "Kai da ƙarfi za ka haɗa su? Miƙo hannunka."

Ya tsoma yatsa a kwanon ruwan ƙaron da yake sa wa huluna su yi tsaye, ya ɗiga min a tafin hannu. Ya lakato man, ya ɗora kaɗan, ya murza. Ya ƙara kaɗan, ya murza. Ina kallo abin ya koma kamar kindirmo. Muka yi hira, ya wanke hula biyu, na sake duba hannuna. Bai rabu ba.

Na ce Baba, ina ka san wannan?

Ya yi dariya. "Shekara nawa ina fama da maiƙon kawunan mutane? In hula mai maiƙo ta shiga ruwan ƙaro, maiƙon ba ya tasowa sama, ruwan ne yake yin fari. Kullum ina gani. Ban dai taɓa sanin zai yi wa wani amfani ba."

Daga wannan ranar komai nawa ya tashi.

Shi ya koya min cewa ba kowane ƙaro ba ne. Na dakwara ake so. Na marke da sauran itatuwa suna yi wa hula, amma a man shafawa sai su ba ka kunya bayan mako. Yakan ɗaga ƙwaya ɗaya ya duba ta a rana, ya ɗan ciza, ya ce wannan ajiye, wannan jefar. Shi ya ce a jiƙa shi ya kwana, a tace sau biyu. Shi ya ce ruwan ƙaron da man su zama ɗuminsu ɗaya, kuma man a riƙa zuba shi siriri ana juyawa, kada a kifa shi gaba ɗaya. Na yi gardama a kan wannan, na kifa, na yi asarar tukunya guda. Da na faɗa masa bai ce ai na gaya maka ba. Goro ya ɓara ya ba ni rabi.

Matacina na farko tsohon rawaninsa ne ya yaga ya ba ni.

Duk haɗin da na yi, a hannunsa ake fara gwadawa. Hannun nan ruwa da sabulu sun farfasa shi. Yakan ce, "Kawo. In wannan hannun ya yarda, na amare ma zai yarda."

Wata shekara ƙaro mai kyau ya yi wuya, duk na kasuwa gauraye ne. Tsohon nan ya hau kekensa ya bi ƙauyukan da ya san akwai dakwara a shingen gonaki, ya dawo min da rabin buhu, ƙaya ta yayyage masa hannun riga. Na ce Baba don me? Ya ce ai matan da ke aiki a wurinka ba za su zauna a gida ba saboda ƙaro.

Daga baya wani malamin kwaleji ya zo ya ga aikina. Ya ce abin da ƙaro ke yi a nan yana da suna a Turance, imalsifaya, wato abin da ke riƙe mai da ruwa wuri ɗaya, kuma manyan kamfanoni ma irinsa na tsirrai suke nema. Shi ya nuna min maganin da ake sawa kada man ya lalace, tun da akwai ruwa a ciki. Na riƙe kalmar nan tamkar an ba ni digiri. Ko'ina na zauna sai na faɗe ta.

To ga abin da ya hana ni tashi daga bencin nan.

Bara wasu samari masu ɗaukar bidiyo suka zo wurin aikina. Da yawanku kun gani, domin a nan shafin na saka shi, kun yi ta yabo. Ɗayansu ya tambaye ni wa ya koya min. Na ce ba kowa, ni da Ubangijina ne, bincike na yi. Ya ce amma mun ji an ce akwai wani tsoho mai wankin hula. Na yi dariya. Na ce, "Mai wankin hula ina ya san kimiyya? Ƙaro kawai nake saya a wurinsa."

Haka na faɗa. Da bakina, ina sanye da hular da ya wanke.

Ban yi mako ba na ji cewa an nuna masa a waya, a can bakin tasha, direbobi na tsaye suna kallo. An ce har ƙarshe ya kalla, ya miƙa wayar, ya ci gaba da goge hularsa.

Ni kuma na daina zuwa. Isuhu nake aikawa ya karɓo ƙaro. Kullum ina jiran ranar da zai dawo ya ce Baba ya ce babu, ko ya kawo min gauraye. Wallahi da ya yi haka da na sami sauƙi. Bai taɓa ba. Zaɓaɓɓe yake aiko min, tsaf, ko ɓawon ice ɗaya ba ka gani a ciki.

Mako uku da suka wuce na kasa jurewa. Na ɗauki hula wadda ko datti ba ta yi ba, na tafi.

Yana hango ni ya ce, "A'a, yau da kanka? Isuhu ba shi da lafiya ne?" Ya juya wurin direbobi. "Ku matsa mana, ku ba mai bincike wuri ya zauna."

Suka kwashe da dariya. Shi ma yana murmushi. Na duba fuskarsa ina neman in gane, tsokanar da ya saba yi min ce tun ina yaro ko kuwa ciwon ne yake magana. Ban gane ba. Har yanzu ban gane ba.

Ya rame, na lura. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya ce ƙaron bana yana da ɗan danshi, in baza shi a inuwa kafin in jiƙa. Na sunkuya kusa da shi na ce, "Baba, akwai maganar da nake so mu yi."

Ya dubi mutanen da ke kewaye da mu, ya dube ni. Ya rage murya ya ce, "Ba ta nan ba ce, ɗan Garba. Ka same ni a gida ran Alhamis bayan la'asar."

Kun gani? Ni na tozarta shi a gaban duniya, shi kuma bai yarda in sunkuyar da kai a gaban direbobi biyar ba.

Alhamis ta farko baƙi suka zo daga Kano neman kaya. Ta biyu na je ɗaurin aure a Watari. Haka na faɗa wa kaina. Gaskiyar ita ce sau biyu ina tayar da babur ina kashewa, domin ban san yadda zan fara ba. Ban saba ba. Tun da na tashi ban taɓa durƙusa wa wani na ce na yi ƙarya ba.

Yau ce ta uku.

Ban sani ba ko ya yafe min. Wannan ne yake cina. Ko ya kira ni gida ne don ya ce ya wuce, ko don ya faɗa min abin da ke ransa. Ko ya zauna a ƙofar gida yana jirana ranakun nan biyu. Ban sani ba, kuma wanda zai ba ni amsa yana ƙarƙashin ƙasa tun jiya.

Ɗazu na kira limamin ƙauyenmu na faɗa masa komai. Bai lallashe ni ba. Ya ce, "Alhaji, haƙƙin mutum ba abin wasa ba ne, kuma ni ba zan ce maka an yafe ba, don ban sani ba. Ka yi masa addu'a, ka yi masa sadaka. Sannan wurin da ka rage masa daraja, can za ka koma ka mayar masa da ita."

Wurin nan ne. Ku ne kuka ji, ku ne kuka yaba.

Saboda haka ku shaida. Ƙarya na yi a bidiyon nan. Ba ni na gano sa ƙaro a man shafawa ba. Baba Tanko mai wankin hula ne ya nuna min, a tafin hannuna, ranar da ba ni da komai sai robobin da aka dawo min da su. Gumina yana ciki, ban musa ba, amma ilimin nasa ne. Duk macen da ta shafa man nan ta ji daɗinsa, duk wadda ke cin abinci a wurin aikina, da hannunsa a ciki. Wanda ya tura wancan bidiyon wani wuri, don Allah ya tura wannan ma can.

Kuma kada wanda ya rubuto min cewa Alhaji ka kyauta. Ban kyauta ba. Yana da rai ya kamata ya ji.

Yanzu zan tashi in tafi gaisuwa. Matarsa, Iya Asabe, ita ta san abin da yake faɗa a cikin gida. Zan durƙusa in tambaye ta, a gaban duk wanda ke wurin. Ina tsoron abin da za ta ce. Na fi tsoron ta ce bai taɓa ambatona ba.

Ya Allah, bawanka Tanko ya zo gare Ka. Ka jiƙan sa, Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa abin da ya koyar ya riƙa bin sa da lada har ranar tsayuwa. Ka ba Iya Asabe da yaransa haƙuri. Ya Allah, in ya tafi da wani abu a ransa game da ni, Ka musanya masa da abin da ya fi, har ya yarda ya sake ni.

Duk wanda ya karanta, ina roƙo ya tsaya ya yi addu'a, ko ta minti ɗaya ce. Ku fara da shi. In da saura, ku sa ni.