Yatsa, Tafi da Dunƙulen Hannu

Mai Alli ake ce masa, don aljihun rigarsa ba ya rabuwa da guntun alli. Saura kaɗan ya rasa ransa saboda ƙin bin ƙa'idar da shi da kansa ya kafa.

Aji ɗaya muka yi da shi a makarantar mishan. A bangon ajin akwai wani tsohon hoton jikin mutum, an fitar da ƙashi da tsoka, kowanne da launinsa. Mu tsoron hoton muke ji. Shi kuwa in an fita shan iska sai ya tsaya gabansa yana lalubar jikinsa, yana neman inda kowace tsoka ta kama ƙashi. Malaman wancan zamani ba sa karɓar "haka aka ce" a matsayin amsa, kuma da wannan hali ya tashi.

Ya koyar da motsa jiki har ya yi ritaya. Daga nan ya share filin da ke bayan benen da yake haya, ya zuba siminti a gwangwanayen fenti, ya soka musu sandunan ƙarfe. Direbobi da masu gadi da 'yan dako suka riƙa zuwa da sassafe. Kafin mutum ya taɓa ƙarfe, sai ya zana masa da alli a kan fata tsokar da za ta yi aikin, daga inda ta fara zuwa inda ta ƙare.

Akwai wani direban tasi mai yawan surutu a cikinsu. Wata rana ya ce, "Malam, an ce ɗanyen ƙwai na ninka damtse."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"To, gobe ka ɗebo mini mutanen a motarka in auna damtsensu."

Babbar ƙa'idarsa a kan ciwo take. Duk wanda ya yi kuka da wani wuri, sai ya ce, "Nuna mini." In mutum ya shafa da tafin hannu, tsamin jiki ne, zai wuce. In ya ɗora yatsa ɗaya a kan gaɓa, to ya ajiye ƙarfe ya huta. Sannan ya danna wurin da babban yatsa, domin a cewarsa tsokar da ta ji rauni ba ta yin shiru in an danna ta.

Matarsa tela ce. Kekenta na bakin tagar da ke kallon filin, don haka duk wannan karatu ya shige ta ba tare da ta taɓa ɗaga gwangwani ba. Ita ta fara lura cewa ya koma tsayawa a tsakiyar matakala in zai hau sama. Ya ce tsokar ƙirji ce ya ja. Ya ce a ba shi man zafi.

Wata rana da hantsi ya shigo yana haki, gumi na tsattsafo masa. Ta tsayar da keke.

"Malam, nuna mini."

"Ke kuma yaushe kika buɗe makaranta?"

"Nuna mini dai."

Bai shafa da tafi ba, bai kuma sa yatsa ba. Dunƙule hannu ya yi ya ɗora a tsakiyar ƙirji.

Ta taso ta danna wurin da babban yatsa. "Da zafi?"

"A'a."

Ta matsa gefe, wajen haƙarƙari. "Nan fa?"

"Maman yara, ni ba yadin ɗinki ba ne."

"Ɗaga hannunka sama. Ya ƙaru?"

Ya ɗaga. Bai ƙaru ba.

"Yaushe yake zuwa?"

"In na hau bene."

"In ka zauna fa?"

"Sai ya lafa."

"Da ƙirji ake hawa bene?" ta ce. "Wa ya ce maka tsoka ce?"

Ya ce, "Ni na ce."

"To ka danna mini ita ta amsa."

Ya sa nasa yatsan ya bi ƙirjin a hankali, yadda yake yi wa 'yan dako, daga ƙashin wuya har ƙasa. Babu inda ya amsa. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce ta miƙo masa takalmi, ta leƙa ta kira direban nan.

A asibiti likita ya ce wata jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta tsuke, kuma da sun ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. An yi masa aiki. An hana shi ɗaga nauyi, an bar masa tafiya a ƙasa.

Yanzu a kan kujera yake koyarwa, allin na nan a aljihu. Gwangwaninsa mafi nauyi ya zama abin tokare ƙofa. In sabon mutum ya zo, yakan bayyana masa tafi da yatsa kamar da, sannan ya dunƙule hannu ya ɗora a ƙirji.

"Wannan kuma ba nawa ba ne," yakan ce. "In ka ga kanka ka yi haka, asibiti za ka."

Rannan direban tasi ya ce, "Malam, wa ya ce?"

Mai Alli ya ɗaga alli ya nuna taga, inda keken ɗinki ke ta ƙara.