Tambarin da Kawu Bala Ya Karanta da Yatsa

"Ijafa ce, ƙaramar motar nan mai kama da kunkuru, aka danne ta!" in ji Tanimu tela, ranar da wata jar mota ta tsaya gaban majalisar layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, ƙarshen shekarun saba'in.

Mai ita, wani Alhaji daga Tarauni, ya ce wanda ya faɗi asalinta zai zaga gari da shi.

Kawuna Bala tsohon makanike ne da idonsa ya tafi, amma kullum cika baki yake ba tambarin da zai gagare shi. Aka ce yau za a gani.

Ya shafa tambarin gaba. "Doki a tsaye, ga ƙahonin barewa. Bajamushiya ce." Ya lallaba baya, ya bi rubutun ƙarfen da yatsa. "Turbo! Alhaji, hayaƙinta ke hura mata iska."

Alhaji ya buɗe masa ƙofa da kansa. Kawu ya leƙo: "Tanimu mai ido biyu, a gaida keken ɗinki!"

Ɗazu ɗana ya ga irinta, sai da ya tambayi waya. A unguwarku wa ya iya karatun tambari haka?