Zanen da Madam Bikele Ta Tono

Madam Bikele ta shekara ashirin a ofishinmu na Yawunde tana tantance sababbin ƙirƙire-ƙirƙire, ta duba ko wani ya riga mai abu kafin a ba shi takardar mallaka. Saboda nawarta na laƙaba mata Kunkuru, sunan kuwa ya bi ta.

Surukina Mvondo ya kawo zanen wata na'ura da ake ɗaura wa jariri a ƙirji, tana lura da bugun zuciya da numfashi. Fayil ɗin ya faɗa teburinta. Ni da bakin nan nawa na ce masa an gama, ya yanka akuya, na ci har da ƙari.

Bayan wata uku na leƙa ta. "Kunkuru, ai jariran za su yi gemu kafin ki sa hannu."

Ta turo mini wani tsohon zane, kamar an tsaga kara da na Mvondo. "Wani likita ya riga shi da shekara tara, ɗan'uwa. Duba wanda ya tantance."

Sa hannuna ne.

"Ni zan rubuta wa Mvondo," in ji ta. "Ba zan ambace ka ba."

Tun ranar nake kiranta Madam. Mvondo kuwa, in na hango shi sai in sauya hanya.