Jaɓɓo, Ga Sauran Sunaye Tara

Daga Allah muke, kuma wurinSa ce makomarmu. Ranar Talata, 14 ga watan Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran abokina Jaɓɓo Maccido a gidansu da ke Amarawa, bayan jinyar ciwon ƙoda ta mako bakwai. Shekarunsa talatin da huɗu. Ina durƙushe gaban janareto a ƙofar shagona na gem, wato wasannin kwamfuta, da ke bakin kasuwar Illela, ina fama da fulogi, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, ko mashin bai kashe ba, ya ce, "Abdulmalik, ka ji Jaɓɓo ya rasu?" Na ce na ji. Wallahi ban ji ba, kuma har yau ban san abin da ya sa na amsa haka ba. Na ci gaba da goge fulogin har sai da ya suɓuce daga hannuna.

Jaɓɓo, yau kwana tara ke nan, kuma na gaji. Na gaji da amsa gaisuwa, domin mutanen kasuwa ni suke tara suna yi wa ta'aziyya kamar ɗan'uwanka na jini. Suna cewa "kun shaƙu," ina cewa "haka ne." Ba su san akwai magana ɗaya da na riƙe a bakina shekara biyu da wata biyar ban faɗa maka ba. Ban taɓa ce maka ka yafe mini ba, kuma ka tafi ban san ko ka yafe ɗin ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Wanda bai san ka ba, bari in gaya masa. Ɗan Fulanin wata ruga ne a ƙasar Garu, wanda mahaifinsa ya zaɓe shi cikin 'ya'ya ya kai shi boko tun yana ƙarami, shanu kuwa sai lokacin hutu yake ganinsu. A shekarar 2013 ɓarayi suka kore garken mahaifinsa kaf, ko maraƙi ba su bari ba. Tsohon bai cika shekara a bayansu ba. Jaɓɓo ya baro karatu, ya koyi gyaran kwamfuta wurin wani malami a Birnin Konni, a can ne ma ya ɗauko son Linux da ya zame mana abin gardama. Ni kuwa ɗan 'yan kasuwa ne, tun kakana muke tsallaka iyakar nan da kaya. A 2017 muka haɗa hannu muka buɗe shago da kwamfuta shida, duk na hannu, waɗanda suka biyo ta Konni da kibod irin na Faransanci, inda kake neman A sai ka tarar da Q. Kai ka zauna da jan farce na Adda Salma, yayarka, ka sake rubuta haruffan ɗaya bayan ɗaya.

Tun ranar farko muka soma gardamar da ba mu taɓa gamawa ba: wace babbar manhaja ce ta fi dacewa da buga gem. Ni ina kan Windows, hujjata kuwa ba ta da tsawo. Kusan duk gem ɗin da ake yayi don shi aka yi, ka sa ka buga, babu dogon bincike. Kai kana kan Linux. Ka ce ba shi da nauyi, ba ya cin ƙarfin inji a banza, ba a sayen lasisinsa, kuma cutar da masu zuwa suke kwaso mana a filash ba ta cika kama shi ba. Kakan ce, "Injinan ga tsofaffi na, Abdulmalik. Awa tsohon takarkari suke, in ka labta mai kaya sai ya durƙushe." Ni kuma in ce, "Mutane gem sunka zo bugawa, ba karatu ba." Daga ƙarshe muka raba: biyar suka zauna a kan Linux, ɗaya da ke kusurwa, tawa, a kan Windows.

Gaskiya ita ce kana da hannu. Na ga gem da na rantse ba zai tashi a kan injinan nan ba, ka yi kwana biyu kana lallaɓa shi har ya tashi, yana gudu sumul fiye da yadda yake yi a tawa. Ba ka yi mini dariya, sai dai ka juyo allon wajena ka tafi alwala. Malama Ramatu ta makarantar 'yan mata ta zo da tsohuwar laftof da kowa ya ce ta jefar, ka sa mata Linux, ka zaunar da ita sati guda kana nuna mata inda komai yake, har yau da ita take buga tambayoyin jarrabawa. 'Yan kabu-kabu da 'yan canji da suke shigowa hutun rana sun san dokarka: ana kiran salla za ka tsayar da wasa, ko da ana bugun fenariti ne. Sun yi ta mita, amma ban ga wanda ya daina zuwa ba.

Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ke korar mutane daga kasuwa, shi ne lokacinmu. A kan injina na kusurwa muke buga ƙwallo, domin wannan gem ɗin kam ya gagare ka a Linux, kuma shi kaɗai ne wurin da ka taɓa sallamawa. Ni na raɗa wa ƙungiyata Kasuwar Illela. Kai kuma ka shiga wurin gyaran sunaye ka goge na 'yan wasanka ashirin da uku, ka sa musu sunayen shanun mahaifinka. Ɓale ne a raga. Saye da Wule a baya, Fure a tsakiya, Jamale a gaba, ita ce ta fi ci na. Ba daga kai ka rubuta su ba. Kana da wani ɗan bidiyo da ka ɗauka da tsohuwar wayarka a hutunka na ƙarshe a ruga, mahaifinka yana tsaye da sanda a kafaɗa yana kiran su ɗaya-ɗaya, suna ɗago kai suna tahowa. Wayar ta daɗe da mutuwa. Bidiyon da hotunan suna cikin wani ɓangare da ka ware a rumbun injinka. Ka nuna mini sau ɗaya. Wannan ba zan ɓoye ba, na san suna wurin.

A watan Agusta na 2022 wani ya buɗe shago a layinmu, injinansa duka Windows. Ga kuma wani sabon gem na yaƙi da ake bugawa ta intanet har da mutanen Konni, wanda manhajarsa ta hana maguɗi ba ta yarda da Linux ba, duk dabararka kuwa. Sai ya zamana ana layi a kan inji ɗaya, biyar suna zaune, masu gajen haƙuri suna tsallakawa wancan shagon. Na yi maka magana, ka ce in ba ka lokaci. Kaina ya ɗau zafi. Da ka tafi kai Inna, mahaifiyarka, asibiti Sakkwato na kwana huɗu, na rufe ƙofa na bi injinan biyar na yi musu fomatin, na ɗora Windows. Na ce a raina in ka dawo ka ga shago cike, bakinka zai mutu. Da na zo kan naka, na ga wani ɓangare a ƙasa da babu suna, babu alamar abin da ke ciki. Windows ba ya karanta irin rubutun rumbun Linux, kuma ya kamata a ce mai shagon kwamfuta ya san haka. Laifin ba na inji ba ne. Na ɗauka fanko ne, na danna gogewa, na tafi cin abinci.

Ka dawo ranar Asabar da hantsi, shago kuwa cike, yadda na so. Ka gaisa da kowa, ka jira mai buga injinka ya gama, ka zauna. Ka daɗe kana kallon allon. Sannan ka ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ɓangaren ƙasa na rumbun ga, mi kay yi mai?"

Na ce, "Wanda babu komi ciki? Na goge shi."

Ina rufe baki na tuna. Kwana uku ka yi kana ƙoƙarin tono abin da ya saura, amma na riga na zuba manyan gem a kan wurin, sun danne komai. A rana ta uku ka kashe injin, ka ce, "Ba komi. Haka Allah Yas so." Bayan wata guda ka ce kana son komawa kusa da Inna a Amarawa. Ka ɗauki inji biyu, ka bar mini huɗu.

Da ka zage ni, Jaɓɓo, da na huta. A gidanmu in an ɓata wa mutum rai sai unguwa ta ji, a yi hayaniya, a ba da haƙuri, a ci tuwo tare. Ni faɗa nake jira don in samu ƙofar roƙo. Kai kuwa tarbiyyar gidanku ba ta yarda mutum ya nuna inda ke masa ciwo ba. Ba ka ƙaurace mini ba, balle in ce muna gaba. Duk ranar kasuwa sai ka tsaya mun gaisa. Ranar sunan 'yata ka zo da kwalbar man shanu. Ni kuma na laɓe bayan "ba komi" ɗin nan, na ce ai shi da bakinsa ya faɗa. Ko da ka kwanta jinya sau biyu na zo. Na zauna a bakin tabarmarka muka yi zancen tsadar fetur da rufe iyaka. Na biyun har na buɗe baki, sai na ga idonka ya yi nauyi, na ce sai ka ji sauƙi. Na hau mashin na dawo Illela.

A maƙabarta, bayan an gama rufe ka, Bappa Abdu, ƙanen mahaifinka, ya juyo ya fuskanci jama'a kamar yadda aka saba, ya ce, "Duk wanda Jaɓɓo yat taɓa saɓa ma, don Allah ya yafe mai." Aka amsa, "Mun yafe." Muryata ta fi ta kowa fita, sai kunya ta rufe ni. Me zan yafe maka? Ana roƙa wa mamaci gafara wurin masu rai, amma babu wanda yake juyawa ya roƙa wa mai rai wurin wanda ke kwance. Na tsaya har kowa ya watse.

Ranar addu'ar uku Adda Salma ta sa aka kira ni zaure. Ta turo mini ɗaya daga cikin injina biyun da ka ɗauka, naɗe cikin zane, ta ce, "Tun bai daina magana ba yac ce injin ga a kai ma Abdulmalik. Bai ce a yi mi da shi ba." Na kawo shi shago, ya kwana biyar a ƙarƙashin tebur ban iya taɓa shi ba. Jiya da hantsi na kunna.

Layi biyu suka fito a allon, inji yana jira a zaɓa: Linux a sama, Windows a ƙasa. Kai, Jaɓɓo, da Windows a injinka. Na shiga na ƙasan. Babu komai a ciki sai gem ɗinmu na ƙwallo. Na buɗe, na tarar da ƙungiya biyu da aka gyara da hannu. Ɗaya sunanta Kasuwar Illela, an jera ta yadda nake jerawa, har da ɗan wasan bayan nan da kullum kake cewa in cire shi. Ɗayar taka ce. Ɓale a raga, Saye, Wule, Fure, Jamale. Na ƙirga goma sha huɗu. Sauran gurabe tara ka goge sunayen da suka zo da su, ka bar su fili.

A nan na gane. Ka yi ta ƙoƙarin tuno su da ka, ɗan makaranta da bai yi kiwo sosai ba, ka kai sha huɗu ka tsaya. Ba za ka tambayi Inna ba, tunda tun ranar da aka kore garken ba ta ƙara ambaton ko ɗaya ba. Kuma ka san sarai inda ashirin da ukun suke cif: a injina na kusurwa, wanda shi kaɗai ban yi wa fomatin ba. Duk ranar kasuwa kana tsayuwa taku huɗu daga gare shi muna gaisawa. Ba ka tambaya ba, domin tambayar za ta tuna mini abin da na yi. Ni kuma da nake ta neman abin da zan riƙo in zo maka da shi, ban taɓa tunanin buɗe gem ɗin ba, saboda tun da ka tafi nake tsoron ganinsa. Aikin minti biyar ne da filash.

Na tashi na kunna nawa. Suna nan, duka. Na kwafe taran nan harafi-harafi na cike maka gurabenka, na kuma rubuta ashirin da ukun a takarda, zan kai wa matarka Jamilatu ta ajiye wa 'yarka Ummu har ta girma. Muryar kakanta kam ba ni da yadda zan dawo mata da ita.

Har yanzu masu shigowa shago suna tambaya ta wanne ya fi a gem, Windows ko Linux. Nakan ce in injinka sabo ne kuma gem ɗin yayi kake so, ga Windows. In tsoho ne kuma kana da haƙuri, Linux zai raya maka shi. Kowanne ka zaɓa, kada ka goge abin da ba ka iya karantawa ba. Ba ni da ƙarfin faɗin abin da ya wuce haka, gardamar ta fita raina.

Ba ka ce ka yafe ba, ban kuma isa in sa maka magana a baki ba. Amma mutum ba ya zama ya jera ƙungiyar wanda ya cire daga zuciyarsa. Da wannan nake lallashin kaina, ranar da ya yi aiki da ranar da bai yi ba.

Ya Allah Ka jiƙan Jaɓɓo ɗan Maccido, Ka sa jinyarsa ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sada shi da mahaifinsa a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da Adda Salma, da Jamilatu, da Ummu, da Bappa Abdu, da dukkan dangi na Garu da Amarawa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya kyautata namu ƙarshen.

Jaɓɓo, ƙungiyarka ta cika. Na makara da shekara biyu da wata biyar, amma ga shi na faɗa a gaban kowa: don Allah ka yafe mini.

Abdulmalik Idi, Illela.